Ruɗanin Laƙabi a Cinikin Ƙananan Karnuka

Laccar yau ta shafi wani irin ciniki wanda da yawa daga cikin jama'ar ƙasar nan za su ji shi baƙo. A ƙasar Hausa, da ma yawancin garuruwan Nijeriya, an san kare da aiki biyu, gadi da farauta, wurinsa kuwa ƙofar gida ne ko bayan maharbi. Amma a Turai da Amurka akwai waɗansu irin karnuka 'yan ƙanana waɗanda ba a ajiye su don wani aiki sai ɗebe kewa. Suna kwana cikin ɗaki, ana ɗaukarsu a hannu kamar kyanwa, ana kuma sayar da su da tsada ƙwarai. Wannan kasuwa ta riga ta iso manyan biranenmu irin su Ikko da Abuja da Fatakwal, ga kuma 'yan ƙasa mazauna waje waɗanda ke cuɗanya da ita kullum. Tun da yake kuɗin jama'a na shiga cikinta, kuma rayukan dabbobi na salwanta a dalilinta, ya kamata a yi bayani a kan wurin da aka fi yin ruɗu, watau laƙabin da ake liƙa wa waɗannan karnuka don nuna ƙanƙantarsu.

Abin da ya sa wannan ciniki yake da wuyar sha'ani shi ne, galibi ana sayen karen ne tun yana ɗan kwikwiyo. Wanda ya je kara sayen rago yana ganin ragon da idonsa, ya taɓa shi, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, sa'an nan ya yi tayi. Mai sayen kwikwiyo kuwa, abin da yake biya wa kuɗi bai zo ba tukuna, domin girman da karen zai yi nan da shekara guda shi ne ainihin hajar. Saboda haka ba shi da madogara sai kalmar da mai sayarwa ya rubuta a jikin talla. Kalmomin nan na Turanci ne, uku daga cikinsu kuwa sun fi yawo. Akwai "toyi", ma'anarta abin wasan yara; akwai "miniyaca", watau ƙaramin samfurin wani abu babba; akwai kuma "tikof", watau kofin shayi. Mutane da yawa sun ɗauka waɗannan matakai ne uku a jere kamar lambar takalmi, wannan ƙarami, wancan ya fi shi ƙanƙanta, na ukun kuma ya fi su duka. Daga wannan zato ne yawancin asarar take farawa.

Domin a gane inda kalmomin suka fito, sai a koma ga ƙungiyoyin da ke rajistar karnuka. Ta Ingila ita ce babbar yaya, an kafa ta a 1873. Ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da AKC, ta biyo baya a 1884. Sa'an nan a 1911 aka kafa ta ƙasa da ƙasa, watau FCI, mai hedkwata a garin Thuin na ƙasar Beljiyam, wadda yawancin ƙasashen Turai da na Kudancin Amurka da na Asiya ke bin tsarinta. Kowace ƙungiya tana da rubutaccen bayani a kan kowane irin kare, da kamanninsa da launinsa da tsayinsa ko nauyinsa. Tsayin kare ana auna shi ne daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, yana tsaye, ba a haɗawa da kai. Waɗannan ƙungiyoyi ba hukumomin gwamnati ba ne, ba su kuma da ikon kama kowa, amma su ne suka ɗaura wa kalmomin lamba, kuma a wurinsu ne ake komawa idan gardama ta tashi.

To, a wurin AKC da ƙungiyar Ingila, toyi da farko sunan rukuni ne wanda aka tara irin karnuka dabam-dabam a cikinsa. A cikin rukunin AKC akwai Ciwawa, ɗan asalin ƙasar Meziko, wanda aka ce kada ya wuce laba 6, watau wajen kilo 2.7. Akwai Yokshaya, mai dogon gashi kamar siliki, wanda iyakarsa laba 7, wajen kilo 3.2, haka ma farin karen nan da ake kira ɗan Malta bai kamata ya kai laba 7 ba. Amma a cikin rukunin nan guda kuma akwai Shitsu, mai nauyin laba 9 zuwa 16, da Kabaliya, mai laba 13 zuwa 18, watau kilo 6 zuwa 8. Ke nan babban Kabaliya ya yi Ciwawa uku, kuma dukansu toyi ne a takarda. Wanda ya sayar da Kabaliya da sunan toyi bai yi ƙarya ba. Wanda ya saya yana tsammanin kare mai shiga jakar hannu shi ne ya yi wa kalmar fassarar da ba tata ba.

A wurin waɗansu irin karnuka ƙalilan ne kawai kalmar toyi ta zama ma'auni na gaske, kuma a nan ma ƙungiyoyin ba su yi ittifaƙi ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Fudul, karen nan mai nannaɗaɗɗen gashi da ake yi wa aski iri-iri. A Amurka an raba shi gida uku: wanda tsayinsa bai wuce inci 10 ba, watau santimita 25 da ɗan ɗoriya, shi ne toyi; daga nan zuwa inci 15 miniyaca; abin da ya haura haka kuma babba. A Ingila iyakar toyi inci 11 ce, watau santimita 28. Ita kuwa FCI, wadda ta ɗauki Faransa a matsayin mahaifar wannan kare, gida huɗu ta raba shi: toyi daga santimita 24 zuwa 28, miniyaca daga 28 zuwa 35, matsakaici daga 35 zuwa 45, babba daga 45 zuwa 60. Sai mai sauraro ya ɗauki Fudul guda mai tsayin santimita 27. A Landan toyi ne, a Faris ma toyi ne, amma da zarar ya sauka a Amurka ya zama miniyaca, alhali ko gashi ɗaya bai ƙaru a jikinsa ba. Wani kuma mai santimita 37, miniyaca ne a Amurka da Ingila, matsakaici a Faransa da Jamus. Wanda zai sayi Fudul daga waje, in bai tambayi ma'aunin wace ƙasa aka bi ba, bai san abin da ya saya ba tukuna.

Kalmar miniyaca ma ta fi wannan santsi, domin abin da take nufi kawai shi ne karen bai kai wani ɗan'uwansa babba ba. Karen da ake kira Finsha miniyaca tsayinsa inci 10 zuwa 12 da rabi ne, kuma duk da sunansa a rukunin toyi AKC ta sa shi. Amma akwai wani karen kiwon tumaki na Amurka wanda shi ma miniyaca ake ce masa, nauyinsa kuwa yakan kai kilo 9 zuwa 18, daidai da karen farauta na ƙauye. Shi kuma Dakshun, dogon karen nan mai gajerun ƙafafu, a Amurka da Ingila sikeli ake ɗora shi kafin a ce miniyaca ne, amma a Jamus, inda ya fito, kewayen ƙirjinsa ake aunawa bayan ya cika wata 15, domin asalin aikinsa shiga ramin dabbobin daji ne, kuma ƙirji ne ke nuna ramin da zai iya shiga.

Akwai wani ruɗani da ya fi shafar kasuwannin ƙasar nan kai tsaye. Daga cikin karnukan da aka fi talla a Ikko da Abuja akwai wani fari sol mai yawan gashi da ake kira Eskimo. Wannan kare ba shi da wata dangantaka da mutanen Eskimo na ƙasashen ƙanƙara. Asalinsa karen Jamus ne daga dangin da ake kira Sifits, baƙin haure ne suka kai shi Amurka, aka sauya masa suna a zamanin Yaƙin Duniya na Farko lokacin da duk abin da ya danganci Jamus ya zama abin ƙi. AKC ta raba shi gida uku, toyi mai inci 9 zuwa 12, miniyaca har zuwa inci 15, babba har zuwa inci 19. Ƙanensu duka a wannan dangi shi ne Fomeraniya, mai nauyin laba 3 zuwa 7, wanda ya fi su tsada nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce, a farkon makonninsu kwiyakwiyan wannan dangi kusan kamanninsu ɗaya, kowanne kamar dunƙulen auduga mai idanu biyu. Wanda ba gwani ba ba zai bambance ɗan Fomeraniya da ɗan Eskimo ba sai bayan watanni, lokacin da kuɗi suka daɗe da shiga aljihun dillali.

Ko Fomeraniya na ainihi ma ba a rantsuwa a kansa. A ƙarni na 18 babban kare ne sosai, kamar yadda zane-zanen Turawan wancan zamani suka nuna. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta sa ƙananansa suka yi farin jini bayan ta samo wani a birnin Fulorans na Italiya a 1888, wanda nauyinsa laba 12 ne, kuma a lokacin ana ganinsa ƙarami ƙwarai. Masu kiwo suka yi ta zaɓen ƙanana suna haɗawa har aka kai ga na yau. Amma jinin kakanni bai ɓace ba, jefi-jefi a cikin haihuwa guda akan sami ɗaya da zai ɗebo girman na da, ya ninka 'yan'uwansa.

Sai kalma ta uku, tikof, wadda ita ce ta fi jan kuɗi. A nan maganar gajera ce: babu ko ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nan uku da ta san wani kare mai wannan suna. Ba iri ba ne, ba rukuni ba ne, ba ta kuma da lamba. 'Yan kasuwa ne suka ƙirƙiro ta, kowa kuma da abin da yake nufi da ita. Wani ya ce kare ne da ba zai kai laba 4 ba, wani ya ce 5, wani kuma bai faɗi kome ba, ya bar hoton kofi ya yi masa magana. Tana da 'yan'uwa da yawa, kamar "maikiro", da "na aljihu", da "na sarauta" wanda ake liƙa wa ƙananan Shitsu. Ƙungiyar masu kiwon Ciwawa ta Amurka ta fitar da sanarwa musamman tana nesanta kanta da irin waɗannan laƙubba, tana bayyana cewa Ciwawa iri biyu kaɗai aka sani, mai dogon gashi da mai gajere. Kalmar ta yi tashe ne a farkon shekarun 2000, sa'ad da finafinan Amurka da waɗansu taurarinsu suka mai da ɗaukar ƙaramin kare a jaka abin yayi. Yayi kuwa ba ya daɗewa. Kafin ƙarshen 2009 gidajen tsugunar da yasassun dabbobi a jihar Kalifoniya sun cika da Ciwawa, har aka riƙa kwasarsu a jirgin sama zuwa waɗansu jihohi don nema musu masu riƙo.

Wanda ya sayi kwikwiyo da sunan tikof, ɗayan abu biyu zai same shi, ko laƙabin ya zama ƙarya, ko ya zama gaskiya. Na farkon ya fi yawa. Hanyar da aka fi bi ita ce ƙara wa kwikwiyo kwanaki. Sai a ɗauko ɗan mako biyar ko shida a ce ɗan mako goma sha biyu ne. Masu kiwon ƙananan karnuka suna da wani lissafi na kintace, cewa nauyin da kwikwiyo yake da shi a mako 12, in aka ninka shi biyu, za a sami kusan nauyinsa na girma. Alal misali, in aka nuna wa mutum kwikwiyo mai giram 900 aka ce masa ɗan mako 12 ne, zai lissafa ya ga kilo 1.8, ya yi murna ya biya. In kuwa ashe ɗan mako biyar ne, to girma yanzu ya fara, kuma karen na iya ninka abin da aka lissafa har fiye. Waɗansu marasa imani kuma sukan rage wa kwikwiyo abinci kafin ranar ciniki don kada ya yi nauyi. A Turai wannan ƙaryar tana da wani amfani na biyu ga masu fasa-ƙwauri. Dokar Tarayyar Turai ta ce sai kwikwiyo ya kai mako 12 za a yi masa allurar haukan kare, sa'an nan a jira kwana 21, watau galibi ba ya ƙetare iyaka sai ya cika mako 15. Takardar jabu guda sai ta biya bukata biyu, ta wuce da shi iyaka, ta kuma sa ya zama abin mamaki wajen ƙanƙanta.

Wani zai ce, to mene ne in kare ya ɗan fi yadda aka zata girma? Ga wanda ya saya don sha'awa kawai, asararsa ta kuɗi ce. Amma akwai masu gidajen haya a manyan biranen waje da ke iyakance nauyin dabbar da ɗan haya zai ajiye, akwai kuma kamfanonin jiragen sama, irin su Lufthansa da KLM, waɗanda ba su barin kare ya shiga wurin fasinja in shi da akwatinsa sun wuce kilo 8. Da yawa daga cikin karnukan da ake yasarwa, laifinsu ke nan, sun yi girman da Allah ya halicce su da shi.

Sa'a guda ita ce, jikin kwikwiyo ba ya ɓoye kwanakinsa. Idanunsa suna buɗewa ne tsakanin kwana 10 da 14. Haƙoran nono sukan fara tsirowa wajen mako uku, su cika 28 wajen mako shida zuwa takwas, ko da yake na ƙananan iri sukan ɗan yi jinkiri. Famfara tana farawa wajen wata huɗu, kuma kafin wata bakwai haƙoran girma guda 42 sun fito. Saboda haka kwikwiyon da aka ce ɗan wata uku ne, amma bakinsa kusan dasashi zalla, yana tafiya yana tangaɗi, ba ya iya cin abinci mai tauri, lalle akwai magana a kan takardarsa. Likitan dabbobi zai gane wannan cikin 'yan mintoci. Raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas cutarwa ce, shi ya sa dokar Ingila ta hana masu lasisin kiwo sayar da wanda bai kai haka ba. Tun daga ranar 6 ga Afrilu 2020 kuma aka hana dillalai da kantuna a can sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai mutum ya je wurin wanda aka haife shi a hannunsa. Ana kiran wannan doka da sunan Lusi, wata karya irin Kabaliya da aka ceto a 2013 daga wani gidan kiwo a Wels inda aka mai da ita injin haihuwa.

Idan kuwa laƙabin ya zama gaskiya, watau karen ya girma bai kai kilo ɗaya da rabi ko biyu ba, to nan ne wahala ta ainihi take. A 2007 masana a Amurka suka gano cewa wani ƙwayar gado guda, mai suna IGF1, yana da babban hannu wajen ƙanƙantar karnuka, kuma ƙananan iri lafiyayyu ne a kan ma'auninsu, har ma sun fi manyan karnuka tsawon rai. Amma wanda yake son ya sauka ƙasa da wannan ma'auni, hanyar da ya fi bi ita ce ya zaɓi tsumburarre daga wannan haihuwa, ya haɗa shi da tsumburarriya daga waccan, wani lokaci ma 'yan ciki ɗaya. Sau da yawa kuwa abin da ya tsumbure kwikwiyo ciwo ne. Akwai wanda ake haifa da wata jijiya da ke kewaye hanta, jini ya wuce ba a tace shi ba. Irin wannan ba ya girma, yakan rikice bayan cin abinci, kuma an fi ganin ciwon a jikin Yokshaya da ɗan Malta. Mai kiwon kirki in ya ga irin wannan kwikwiyo likita yake kai shi. A kasuwar tikof kuwa shi ne mai tsada.

Abin da ya fi saurin kashe su shi ne faɗuwar sukarin jini. Jiki ƙarami ba shi da wurin ajiya. Hantarsa 'yar mitsitsiya ce, tsokarsa kaɗan, zafin jikinsa kuma yana saurin fita. Kwikwiyo irin wannan in ya tsallake abinci sau ɗaya ko biyu, ko ya sha doguwar tafiya a mota, ko zawo ya kama shi, sai a ga ya yi laushi, yana rawar jiki, dasashinsa ya yi fari, daga nan sai jijjiga da suma. Cikin sa'o'i kaɗan yana iya mutuwa. Taimakon farko shi ne a shafa masa ɗan zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashi, a lulluɓe shi, a garzaya da shi wurin likita, kada a ɗura masa ruwa yana sume domin zai shaƙe. Tilas ne a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko fiye a yini. Wanda ke fita aiki tun safe sai magariba, ga cunkoson motoci irin na Ikko, sai ya yi wa kansa hisabi tun kafin ya saya.

Sauran cututtukan ma ba kaɗan ba ne. Da yawa maɗigarsu ba ta rufewa har su mutu, waɗansu kuma ruwa na taruwa musu a ƙwaƙwalwa, kai ya kumbura, idanu su firfito, abin da masu talla ke kira kyakkyawar fuskar 'yar tsana. Ƙashin ƙafarsu bai fi fensir kauri ba, tsalle daga kan kujera ko faɗuwa daga hannun yaro ya isa ya karya shi, kuma ɗorinsa yana da wuya. Maƙogwaronsu yakan lotse su riƙa tari mai ƙara, shi ya sa ake ɗaura musu igiya a ƙirji maimakon wuya. Ƙoƙon gwiwa yakan goce. Baki ya yi wa haƙora 42 kaɗan, sai su hau kan juna su ruɓe. Macen kuma sau da yawa ba ta iya haihuwa sai an yi mata aiki, ga shi maganin sa barci yana da haɗari ga jikin da bai kai kilo biyu ba. Gidan da ke da ƙananan yara ba wurin irin wannan kare ba ne ko kaɗan.

Masu talla sukan kafa hujja da karnukan da suka shiga kundin bajinta na Guinness, kamar wata Ciwawa mai suna Pearl a jihar Fulorida, wadda aka auna a 2022 aka sami tsayinta santimita 9.14, nauyinta giram 553. Labarin gaskiya ne. Sai dai abin da ya kai ta kundin shi ne rashin irinta a duniya, ba kuwa za a sami abin da babu irinsa ana tallarsa goma-goma a wayar hannu ba.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar gardama shi ne ma'auni kansa. Amurkawa da laba suke awo, Nijeriya kuwa da kilo. Laba ɗaya giram 454 ce, bai kai rabin kilo ba. In talla ta ce nauyin kare 5 ne ba ta faɗi ko mene ne biyar ɗin ba, tsakanin laba 5 da kilo 5 akwai fiye da ninki biyu. Har wa yau sai a tambaya, nauyin yau ake nufi ko wanda ake tsammani in ya girma? Na yau sikeli zai nuna. Na gobe kuwa kintace ne, domin ƙananan karnuka ba su gama girma sai wajen wata takwas zuwa shekara, kuma duk mai kiwon da ya san aikinsa zai ce "wajen kaza zuwa kaza" ne, ba zai yanke lamba guda ya rantse a kanta ba.

Saboda haka shawarar da ake ba jama'a ita ce, mai saye ya ajiye laƙabi gefe ya nemi lambobi: ranar haihuwa, nauyin kwikwiyo a ranar ciniki, da nauyin uwa da uba. Ya je da kansa ya ga uwar tare da 'ya'yanta, domin gani ya kori ji, kuma babu abin da ke nuna girman kwikwiyo kamar iyayensa. In an ce uwar tana wani gari, ko aka ce a haɗu a bakin titi a miƙa kaya, wannan cinikin biri a sama ne. Hoto ba shaida ba ne. Kofin da ake saka kwikwiyo a ciki yana iya zama babban kwano mai mariƙi, akwai kuma masu ɗauko hoton karen wani daga intanet su karɓi kafin alƙalami su ɓace. Kafin a biya, ko kuma cikin kwana biyu ko uku bayan an biya bisa sharaɗin mayarwa, a kai kwikwiyon wurin likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Ibadan da Nsukka da Sakkwato da Maiduguri, ban da na gwamnatocin jihohi. Wanda zai shigo da kare daga waje kuma sai ya nemi izni daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya tun kafin a ɗora shi a jirgi, domin jami'an hukumar killace dabbobi da tsirrai, watau NAQS, za su nemi takardar lafiya da ta allurar haukan kare a tashar sauka.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana ɗan kasuwa siffanta hajarsa da abin da zai ruɗi mai saye, ta kuma ba wanda aka cuta damar kai ƙara. Amma hukuma da shaida take aiki. Kalmar tikof ba ta da ma'anar da za a kama mutum da ita, tun da ba wanda ya taɓa yanke mata iyaka, kuma mai sayarwa zai iya cewa shi abin da yake nufi dabam. Abin da zai tsaya a gaban hukuma shi ne rasit mai ɗauke da sunan irin karen, da ranar haihuwarsa, da nauyinsa a kilo, da nauyin da aka ce zai kai, da sa hannun mai sayarwa, a haɗa da hoton tallar da saƙonnin da aka yi musaya, da kuma rubutaccen bayanin likitan da ya fara duba shi.